Shekara 7 Ina Bin Allah Bashi

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin ofis, bayan shekara 11 a sashen kuɗi. Ina kwashe kayan durowata sai na ci karo da wani ɗan littafi mai baƙin bango da na manta da shi. Ba na ma'aikata ba ne, nawa ne. A ciki na rubuta kowane daren da na kwana a ofis muna rufe lissafin ƙarshen shekara, kowane rahoton da na haɗa aka karanta shi gaban manya da sunan wani, kowane karon da aka yi ƙarin girma aka tsallake ni. Ya fi shafi 40. A lokacin da nake cika shi, in ka tambaye ni sai in ce maka ni mai haƙuri ne. Kowa ma haka yake faɗa, har a coci akan ba da misali da ni.

Waɗanda muka yi aiki tare sun san shugaban sashenmu na wancan lokaci, ba sai na kama suna ba. Mutum ne mai fara'a, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Sai dai duk ranar da takardar ƙarin girma ta fito babu sunana, yakan kira ni ofishinsa, ya dafa kafaɗata ya ce, “Ƙara haƙuri, lokacinka na nan tafe.” Ni kuma in ce, “To, ranka ya daɗe,” in fito ina murmushi, in je in buɗe littafina. Sau 3 aka yi haka.

A shekara ta 7 tura ta kai bango. Wani ya raɗa mini cewa ya ga sabon jerin sunayen, kuma ba na ciki. Daren nan barci ya ƙi zuwa. Wajen ƙarfe 2 na tashi na kunna kwamfuta, na rubuta wa babban darakta imel, na saka duk shugabannin sassa a ciki don kowa ya gani. Kusan duk abin da na rubuta gaskiya ne, har yau ban janye shi ba. Amma akwai sakin layi ɗaya. Na ce an biya wani ɗan kwangila sau biyu, kuma yarinyar da ke shigar da takardun biya ce ta yi, da sanin oga. Ji na yi, ban duba ba. Ni da aikina ke nan, dubawa. Ashe kuskuren na'ura ne, ita ce ma ta gano shi washegari ta sa aka dawo da kuɗin.

Kwana biyu bayan haka daraktan ya kira ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Takarda ya zaro daga cikin fayil ya juyo mini ita: sunana ne na biyu, sa hannu kawai take jira. Jerin da abokina ya gani tsoho ne. Masu binciken kuɗi ne suka yaba da aikina, ba oga ba, amma dai sunan ya shiga. Ya mayar da takardar ya rufe fayil ɗin, ya ce in jira takardar tuhuma. Magana zarar bunu ce.

Na sha koya wa yara labarin Sarki Saul a Gilgal, wanda ke 1 Sama'ila sura 13. Annabi Sama'ila ya ce a jira shi kwana 7. Filistiyawa sun kafa sansani a Mikmash, jama'ar Saul suna watsewa, annabi bai iso ba. Saul ya ce a kawo hadayar ƙonawa, ya miƙa da kansa, yana gamawa ke nan sai ga Sama'ila, ya ce masa mulkinsa ba zai ɗore ba. Da nake koyarwa nakan girgiza kai in ce wa yaran, “Ku duba wauta, saura ƙiris fa.” Sai da na koma wurin bayan abin da ya faru na lura cewa duk hujjojin da Saul ya kawo gaskiya ne. Mutanen suna guduwa da gaske, abokan gaba sun taru da gaske. Ba ƙarya ce ta kayar da shi ba, tsoro ne: ya ga in bai ɗauki mataki da hannunsa ba, ba mai ɗauka. Abin da ke raina ke nan da ƙarfe 2 na dare.

Aka mayar da ni ɗakin ajiyar fayil, mai taga ɗaya, na yi shekara 2 a can. Oga ko ƙwarzane bai samu ba.

A cikin watannin farko na kai kukana wurin wani dattijon ikilisiyarmu, na tafi masa da littafin nan a matsayin shaida. Ya saka tabarau, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, “Ɗana, rubutunka da kyau. Amma wannan ba haƙuri ba ne, bashi kake bi. To wa kake jira ya biya ka?” Na ce ai oga ne. Ya ce, “Anya?” Ya ce in je in karanta Matiyu 20, in dawo.

Misalin ma'aikatan gonar inabi ne. Waɗanda aka ɗauka da sassafe sun yi yarjejeniya a kan dinari guda, waɗanda suka zo ana saura awa ɗaya a tashi su ma aka ba su dinari guda, na farkon suka hau gunaguni cewa su ne suka sha wahala da zafin rana. Ni akanta ne, kuma in faɗi gaskiya, har yanzu misalin nan yana ɗan sosa mini rai. Amma na gane kaina a cikin masu gunagunin. Shekara 7 ina haɗiye magana, kowace haɗiya ina rubuta wa Allah ita a shafin bashi, ina jiran ranar da zai biya da riba. Da ranar ta yi jinkiri sai na tafi karɓa da kaina.

Wani abin da na gano a ɗakin fayil shi ne yin shiru da jiran Ubangiji ba abu ɗaya ba ne. Yusufu yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna. A kurkuku bai yi shiru ba. Ya roƙi mai shayar da sarki ya tuna da shi, ya faɗa masa fili cewa sato shi aka yi, kuma bai yi abin da ya isa a jefa shi a wurin ba. Mutumin ya manta da shi shekara 2 cur, Yusufu ya ci gaba da aikin da ke hannunsa. Dawuda ma a Zabura 13 sau 4 yake tambayar Allah har yaushe. Ni ban taɓa yi wa Allah wannan tambayar ba, ina ganin rashin ladabi ne, ban kuma taɓa zama da oga mu biyu na ce masa abin da yake yi ba daidai ba ne, ko da yake haka Yesu ya ce a fara a Matiyu 18. “To, ranka ya daɗe” ta fi sauƙi. Rabin abin da aka riƙa yabona da shi ragwanta ce.

Yarinyar kuwa an dakatar da ita mako 3 kafin bincike ya wanke ta. Wata 4 ina kauce mata, in na hango ta a baranda sai in sake hanya. Wata rana ta shigo neman fayil, ba hanyar gudu. Na miƙe, bakina na rawa, na ce mata na cuce ta. Ta rungume fayil ɗin a ƙirji ta ce, “Oga, abin ya yi mini zafi, mahaifiyata har kuka ta yi. Amma na yafe tun tuni. Da ban yafe ba, ni ce ba zan yi barci ba.” Ta sa hannu a rajista ta fita. Bayan haka kullum sai ta leƙo ta gaishe ni, lokacin da abokaina na shekara da shekaru suke wucewa kamar ba su san ƙofar ba. Na yi wa'azi a kan alheri ba sau ɗaya ba, amma ranar ce aka fara ba ni abin da ba zan iya shigar da shi a kowane shafi ba.

Salama ba ta zo da wata babbar alama ba. Na dai lura na daina tsayawa gaban allon sanarwa da safe, na kuma koma yin barci har gari ya waye. Bulus yana ɗaure ya rubuta wa Filibiyawa zancen salamar Allah da ta fi gaban ganewa, kuma ƙayar da ke jikinsa, wadda ya roƙi Ubangiji sau 3 a cire masa, ba a cire ba, an dai ce masa alheri ya ishe shi. Nawa halin ma bai canja ba a lokacin, taga ɗaya ce har yanzu. Na tsara fayilolin shekara da shekaru da ba wanda ya taɓa kulawa da su, kuma tsarin nan shi ake bi har yau, ko da yake na ji an ce wani kwamiti ne ya ƙirƙiro shi.

Sauran darussan ƙanana ne. Kada ka aika saƙo bayan tsakar dare. Ka duba da idonka kafin ka kira sunan mutum. In an ce lokacinka na tafe, ka tambaya cikin ladabi wane wata.

Ƙarin girman ya zo a shekara ta 10, na karɓa na gode, ban ji abin da na zaci zan ji ba. Oga ya yi ritaya a shekarar, aka yi masa taron ban kwana, aka kira shi uban marayu. Na je, na yi tafi. Bai taɓa cewa in yafe masa ba, ban ma tabbata ya san akwai abin yafewa ba. Ina yi masa addu'a, wasu ranaku da zuciya ɗaya, wasu ranaku don an ce a yi ne kawai.

Littafin kuwa, na ɗauke shi da niyyar jefawa a kwandon shara da ke bakin ƙofa. Na tsaya na buɗe shafin ƙarshe, na ga kwanan watan daren nan da rubutuna a karkace. Sai na ji ana kirana a zo a ɗauki hoto, na cusa shi a jaka. Yana nan a jakar, ban fito da shi ba tukuna.