Abin da ɗakin sikanin ya koya mini game da ƙarin mahaifa

Yanzu da na bar ɗakin sikanin, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda shugaban sashenmu ya mayar da rahoton ƙarin mahaifa lissafin santimita kawai. A wurinsa, a shafa mai a mara, a auna ƙarin da ya fi girma, a rubuta, a kira ta gaba. Alhali duk wanda ya daɗe a aikin ya san mazaunin ƙari ya fi girmansa muhimmanci, domin mai santimita 8 a bayan mahaifa yana iya shekaru bai dami mace ba, amma ɗan ƙarami da ya kutso cikin kogonta yana iya sa ta zubar da jini har ta ɗashe. Shi ya sa tsarin FIGO, ƙungiyar likitocin mata ta duniya, na 2011 ya kasa ƙarin daga lamba 0 zuwa 8 bisa inda ya zauna.

An taɓa turo mana wata baiwar Allah da jinin haila ya ƙi yi mata sauƙi, tafin hannunta fari fat. Hoton mara ya nuna ƙari biyu a cikin tsoka, amma da na duba ta ciki bayan ta yi fitsari, sai na ga shimfiɗar mahaifar ta karkace kamar wani abu na tura ta. Na rubuta cewa ya kamata a zuba ruwan gishiri a kogon a sake dubawa. Ya soke layin da jan biro a gaban ɗalibai, ya ce, "Malama, aikinki hoto ne, ba shawara ba." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Daga baya likitan mata ya shiga da kyamara ya ciro ƙarin da bai wuce santimita 2 ba, shugaban namu kuwa bai sake ta da maganar ba.

Sauran darussan gajeru ne. Kada a ce kumburi na gidan ƙwai ne sai an duba gidajen ƙwan biyu daban, domin ƙari mai wutsiya, wato wanda ke reto a wajen mahaifa, yana yaudara. Mahaifar da ta kumbura ba tare da ƙari mai iyaka ba, a tuna da adinomayosis, wato shimfiɗar mahaifa ta kutsa cikin tsokarta. Idan kuma ƙarin ya yi yawa har inuwarsa ta rufe hoton, a rubuta a fili cewa MRI, wato hoton maganaɗisu, ake bukata kafin tiyata, ko da akwai mai jan biro a kusa.