Daga Makka zuwa Riyad da kayan amarya a bayan a-kori-kura

Da aka sa ranar auren 'yar yayana, aka ce Riyad za a kai ta, sai maganar kayan ɗaki ta faɗo kaina, tunda ni ne mai a-kori-kura a gidan. Iyayenta mata sun daɗe suna tara kayan a Makka: gado da katifa, saitin kujeru, durowa mai ƙofa huɗu, firiji, injin wanki, sai kwalayen tangaran da tukwane. Akwai masu manyan motoci da wannan jigila ce sana'arsu, amma Yaya ya ce hankalinsa ya fi kwanciya a ce ɗan gida ne ya kai. Muka ari ƙaramar tirela mai tayoyi huɗu da birkin kanta a wurin wani maƙwabcinmu a Rusaifa, muka tsayar da ranar tafiya a cikin sanyin farkon shekarar 2025.

Motata Hilux ce mai gida biyu, injin fetur mai lita 2.7, giyar hannu biyar, tankinta na ɗaukar lita 80. Idan ba ta da kaya kuma ban matsa mata ba, lita ɗaya kan kai ni kilomita tara zuwa goma a babbar hanya. Abin da nake so in gani da idona shi ne yadda za ta yi da kimanin tan ɗaya da rabi a bayanta, a tafiyar da ta kusa kilomita 870, domin na gaji da jin abokai suna cewa motar fetur ba motar jan kaya ba ce.

Mu uku muka tafi: ni, da yayan amarya wanda bai daɗe da samun lasin ba, da Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, wanda ya tsufa yana jan manyan motoci tsakanin Jidda da Dammam. Tun kafin a tayar da mota Kawu ya fara aikinsa. Samarin unguwa sun yi lodi da daddare, sun tura firiji da injin wanki can ƙarshen tirela domin a ji daɗin sauke su. Da ya zo ya zagaya, ya dafa gaban tirelar ya ji ba nauyi, sai ya ce a sauke.

"Kaka, ai mun ɗaure da kyau," in ji yaron, wato yayan amarya.

"Ɗauri daban, zaman kaya daban, ɗan nan. Tirelar da nauyinta ke baya ita ke tuƙa direba."

Aka dawo da masu nauyi kan tayoyi da ɗan gaba kaɗan, yadda kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin zai hau kan ƙugiyar motar. Aka kwantar da durowa maimakon a tsayar da ita, aka ja tamfol aka ɗame shi har ba inda iska za ta kama. Duk da haka katifa da kujeru sun ɗara rufin motar tsawo, kuma wannan ɗan tsawon shi ya fi komai cin kuɗina a hanya.

Bayan sallar asuba muka ɗauki hanya. Yaron ya so a bi ta Hada, a hau Dutsen Kara a ga birai da hazo, a ratsa Ɗa'ifa a sayi 'ya'yan itace. Kawu bai ko bari ya ƙarasa ba. Hanyar Hada kwana ce a kan kwana, tana hawa har wajen mita 2,000, shi ya sa ma aka hana manyan motoci bin ta. Ya ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Muka bi ta Shara'i'i, muka wuce Zaima, muka shiga kwarin da ke kaiwa Sailul Kabir, inda miƙatin Ƙarnul Manazil yake. Masu zuwa Umra daga Najadu, yankin tsakiyar ƙasar inda Riyad take, na ta saukowa cikin farin harami, mu kuma muna hawa.

A wannan hawan na fahimci halin injin fetur da kyau. Makka ba ta kai mita 300 sama da teku ba, Hawiyya kuwa, inda hanyar ke fitowa a arewa da Ɗa'ifa, tana wajen mita 1,500. Injin da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, saboda iskar da yake shaƙa tana raguwa. Ke nan kafin ka kai sama, fiye da kashi goma na ƙarfin ya tafi, ga kuma tirela tana jan ka baya. Injin nan yana da ƙarfin doki 164, amma ƙarfin murɗawarsa, 245 Nm, ba ya cika sai ya kai juyi kusan 4,000 a minti. Ɗan'uwansa na dizal mai lita 2.4 yana kai wa 400 Nm tun daga juyi 1,600. Shi ya sa mai dizal ke haye tudu yana hira a babbar giya, mai fetur kuwa dole ya sauko giya ta uku ya bar injin ya yi kuka.

Kukan nan shi ke tsorata mutane. Da yawa sai su ƙi rage giya, su tsaya a ta huɗu ko ta biyar su danne totur har ƙasa, suna ganin tausaya wa motar suke yi. A nan ne injin ke ɗaukar zafi, kuloci ya wahala, mai ya ƙone a banza. Kawu ya sa ido kan allurar zafi, ya ce in kashe esi a wuraren da tudun ya miƙe, in riƙe juyin tsakanin 3,000 da 3,500. Muka yi ta hawa a guje hamsin zuwa sittin, manyan motoci a gabanmu da bayanmu, allurar zafi ba ta gusa daga tsakiya ba. Allurar mai ce ta gusa. Da muka tsaya a Hawiyya muka cika tanki, na raba tafiyar da litocin, sai na ga lita ɗaya ba ta kai ni kilomita biyar da rabi ba.

A nan muka karya da tamis da ful da shayi mai na'ana'a. Sanyin Hawiyya da safe ba wasa ba ne ga wanda ya taso a zafin Makka.

Daga nan hanya ta miƙe gabas, fili fetal, ba tudu ba kwana. Tun shekarar 2018 aka ɗaga iyakar gudu a wannan hanya ta Ɗa'ifa zuwa Riyad zuwa kilomita 140 a awa ga ƙananan motoci, bas-bas 100, manyan motoci 80. Allon yana nuna maka 140, motoci na wuce ka kamar kana tsaye, zuciya sai ta fara raya maka cewa kai ma ƙaramar mota kake ja. Na miƙa wa yaron sitiyari domin ya saba. Ya riƙe 110, wani lokacin ya taɓa 120, motar kuwa ta ba shi, ba ta musa ba. Kawu ya yi shiru, ya bar shi har Muwaihi. Da muka sake cika tanki, lissafi ya nuna kilomita biyar da 'yan kai a lita, a shimfiɗaɗɗiyar hanya, daidai da abin da muka sha a hawan dutse.

Wannan shi ne abin da na fi so duk mai jan tirela ya sani. A kan tudu nauyi ke cin mai, amma a fili iska ce. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi: wanda ya tashi daga 90 zuwa 120 ya ƙara gudu da kashi ɗaya cikin uku ne kawai, amma iskar da yake turawa ta kusa ninka biyu. Ga kuma katifa da kujeru sun leƙo sama da rufi. Duk wanda ya taɓa ɗauko ƙyauren langa-langa a ka ranar iskar hunturu ya san abin da motar ke fama da shi. Daga Muwaihi na karɓa, na tsaya a 90, a giya ta huɗu idan iska ta taso ta gaba, ta biyar idan ta lafa. A tsayawa ta gaba lita ɗaya ta ba mu kilomita bakwai. Mota ɗaya, kaya ɗaya, hanya ɗaya.

Ta hannun dama, kudu da hanya, akwai katafaren gandun Mahazatus Said da aka zagaye da waya, inda aka maido da mariri da jimina bayan sun ƙare a yankin. Ba mu hango ko ɗaya ba, sai raƙuma a bayan shinge. Kawu ya yi ta nuna mana wuraren da yake kwana a zamanin da hanyar Riyad ta Afif da Dawadimi take bi, mai layi ɗaya, mota na zuwa mota na tafiya.

Gab da Zalam iska ta juyo ta gefe, tana kwaso yashi tana watsawa a kan kwalta. Wata doguwar mota ta zo wuce mu, sai na ji bayan motata ya yi dama ya yi hagu, na duba madubi na ga tirela tana rangaji. Ƙafata ta nufi birki.

"Kada ka taka! Cire ƙafa daga totur kawai, riƙe sitiyari tsaye," in ji Kawu, muryarsa ko rawa ba ta yi ba.

Na yi yadda ya ce. Gudun ya sauka a hankali, tirelar ta dawo ta bi sahu. Ba wanda ya yi magana sai salati. Na tabbata a raina da firijin nan yana can ƙarshen tirela yadda aka fara ɗora shi, ko da a guje 120 abin ya same mu, da labarin ya sha bamban. Yaron ya juya ya ce, "Baffa, ashe abin da Kaka ke faɗa ke nan." Tun daga nan bai sake tambayar me ya sa muke tafiyar manyan motoci ba.

Ba mu yi nisa ba muka tarar da wani bawan Allah a gefen hanya, shi ma da tirela, ya ɗoro tumaki. Boris ɗin taya ɗaya ya ƙone, ƙafar ta kusa fita. Mun tsaya mun ba shi ruwa, muka ɗauki ɗansa zuwa gidan mai na gaba ya nemo bakanike. Daga nan duk inda muka tsaya sai Kawu ya zagaya ya dafa cibiyar kowace taya da bayan hannu, ya ja igiyoyi, ya leƙa ƙugiya da sarƙarta. Tayar tirela ƙarama ce, tana juyawa fiye da ta mota, kuma yawanci ta daɗe a ajiye cikin rana kafin a tuna da ita.

Game da gidajen mai, hanyar ba ta rasa su ba, amma wanda ke jan kaya da fetur sai ya sake lissafinsa. Tankin da ya saba kai ni fiye da kilomita 700 ya koma na 450 zuwa 550, kuma ba mai hankalin da zai jira ya ga ƙasan tanki a tsakiyar Najadu. Dokar Kawu ita ce da allura ta kai rabi a fara neman inda za a tsaya. Hakan ya yi daidai da lokutan salla da miƙe ƙafa. A Ruwaida muka haɗa azahar da la'asar, muka ci kabsa, muka ɗan kishingiɗa.

Mun wuce Ƙuwai'iyya, wadda ke kimanin kilomita 170 kafin Riyad, rana ta yi sanyi. Jajayen tuddan yashi na wajen Muzahimiyya suka fito, can gaba kuma Dutsen Ɗuwaiƙ ya tare gabas kamar ba ƙofa, dutsen da ya miƙe kusan kilomita 800 a tsakiyar ƙasar. A gindinsa ake gina Ƙiddiyya, sabon garin wasanni da nishaɗi, fitilun ma'aikata ko'ina. Hawan da ke ratsa dutsen gajere ne amma a tsaye yake, ga cunkoson masu komawa birni. Na koma layin dama, na sa giya ta uku tun kafin tudun ya fara, motar ta haye ba tare da ta yi tari ba. Bayan isha muka isa gidan ango, inda gwaggwannin amarya da suka riga mu zuwa ta jirgi suke jira da zumuɗin jere. Ko kofi ɗaya bai fashe ba, alhamdu lillahi.

Da na tattara rasit-rasit, man da muka sha ya kai wajen lita 140. Fetur mai lamba 91 riyal 2.18 ne lita, farashin da gwamnati ta tsayar tun watan Yulin 2021, mai lamba 95 kuma 2.33. Ke nan tafiyar ta ci riyal 300 da 'yan kai, inda motar da ba kaya za ta ci kimanin 200. Wani ƙanen ango da ke shirin sayen mota ya zaunar da ni yana tambaya ko dizal zai saya. Na ce masa ya duba aikinsa tukuna. Idan kullum yana kan hanya da tan biyu a baya, dizal ta fi masa, ba ja-in-ja, ta fi ƙarfi a ƙaramin juyi, ta fi jimirin mai. Amma ya tuna ratar farashi tana ta matsewa: litar dizal riyal 1.15 ce a 2024, ta koma 1.66 a farkon 2025. Motar dizal ta fi tsada wurin saye, gyaran famfonta da nozul ɗinta ma ba na ƙaramin aljihu ba ne. Wanda jan tirela ke kama shi sau ɗaya ko biyu a shekara, irina, injin fetur ya ishe shi, muddin zai duba littafin motarsa ya ga nauyin da aka yarje masa, ya samu tirela mai birki idan kayan sun wuce kilo 750, kuma ya yarda ya yi tafiyar 90 a hanyar da allo ke cewa 140.

Bayan an gama biki muka juyo da tirelar wayam, sai kwalayen dabino da dangin ango suka haɗo mu da su. Tirela marar kaya tsalle take yi a kan duk wata gargada, don haka Kawu ya sa aka ɗan rage wa tayoyinta iska. Lita ɗaya ta riƙa ba mu kilomita takwas da rabi. A gangaren Sail yaron ne ke tuƙi, ya sa giya ta uku ya bar injin yana riƙe motar, bai ɗora ƙafa kan birki ba sai a kwana. Washegari na kai motar aka yi mata juyen baƙin mai, aka duba man giya da birki, aka sa wa boris ɗin tirela giris kafin mu mayar wa mai ita.