Kwafi ɗari shida, babu ko rasit

Ranar Asabar ce. Na yi sammako daga ƙauyenmu da ke bayan Gujungu, na hau acaɓa zuwa bakin titi, na shiga motar Kano. Zuwana na bakwai ke nan a kan magana ɗaya. Na isa shagon Alhaji mai sayar da littattafai da hantsi, muka gaisa, ya tambayi mutanen gida da damina, ya sa yaro ya kawo mini ruwan leda mai sanyi. Na zauna a kan benci ina hango littafina a kanta ta uku, bangonsa har ya fara koɗewa. Sai da aka yi Azahar aka dawo na iya buɗe baki.

"Alhaji, dama maganar ɗan lissafin nan ne."

"Wallahi Malam, kasuwa sai a hankali. 'Yan sari ba su kawo ba tukuna. Amma riƙe wannan ka sha ruwa a hanya."

Ya ja durowa ya ƙirgo naira dubu biyar. Na sa hannu biyu na karɓa, har da godiya. Kuɗin mota zuwa da dawowa ya kusa cinye su. A hanyar komawa ban ce wa kowa uffan ba, sai tafasa nake yi a ciki, ina maimaita wa kaina karin maganar nan ta kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Malamin Hausa ne ni a ƙaramar sakandare. Littafin kuwa gajerun labarai ne a kan zaman ƙauye, na yi shekara uku ina rubuta su da daddare bayan na gama duba aikin ɗalibai. Da kuɗin riɗin da na noma na buga kwafi dubu. Na bi ƙa'ida iya sanina: na karɓi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, na kai musu kwafi ukun da doka ta ce duk wanda ya buga littafi ya ajiye. Sannan na ɗauki kwafi ɗari shida a kwalaye na kai wa Alhaji. Haka aka saba tun shekarun 1980 da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa: marubuci ya buga da kuɗinsa, ya kai wa mai shago, mai shago ya rarraba wa 'yan sari masu kai wa kasuwannin ƙauye, sai an sayar a biya. Ba mu rubuta komai ba. Alhaji aminin kawuna ne, tun ina yaro nake gaishe shi a durƙushe. Da wane baki zan ce masa ya sa mini hannu a takarda?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san nawa nake bin sa ba. Da na san dubu ɗari ne, da na ɗaure zuciyata a kan dubu ɗari. Amma kwafi nawa aka sayar, nawa suka rage, nawa ke hannun 'yan sari, babu wanda zai faɗa mini. Kuma kuɗin yana narkewa a inda yake. Bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, farashin takarda ya yi tashin gwauron zabo, domin masana'antun takarda da gwamnati ta gina a Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa, yawancin abin da maɗaba'a ke aiki da shi daga waje ake shigo da shi. Ko da Alhaji ya biya ni duka a rana ɗaya, kuɗin ba zai sake buga mini rabin abin da na kai masa ba.

Da na rubuta na biyu, ɗan littafin wasan kwaikwayo don 'yan makaranta, sai na ce na yi wayo. Na ba wani kamfanin ɗab'i, muka yi yarjejeniya a rubuce, kasona goma cikin ɗari. Na sa hannu ina murna, ban tsaya na karanta layin da ya ce goma cikin ɗarin daga abin da ya shigo hannun kamfani za a cire ba, bayan an zabge rangwamen masu shago. Ni kuwa a kan farashin da ke bayan bango nake ta lissafina. Bayan shekara guda alat ya shigo, kuɗin bai kai abin da na ƙiyasta ba ko kusa. Na kira, aka ce ai har da haraji aka cire.

Kalmar nan ta haraji ita ta ƙarasa ƙona ni. Kowane wata ana cire mini haraji a albashi kafin ya iso hannuna. Ga hanyar garinmu da ruwa ke yankewa duk Agusta, ga ajin da nake koyarwa rabin yaran a ƙasa suke zaune. Yanzu kuma ɗan abin da na samu da guminna na dare, shi ma sai an gutsira? Na yi mako biyu duk majalisar da na zauna sai na zagi haraji da masu karɓarsa.

Mahaifina ne ya tsayar da ni. Wata rana bayan Magariba ya ji ina ta faɗa a zaure, ya ce in shiga ɗakinsa in ɗauko masa wani tsohon gwangwanin madara a cikin adaka. Ya buɗe, ya zaro wasu ƙananan takardu da suka yi ja, an naɗe su da zare. Rasit ɗin haraji ne, na shekarun da dagaci da masu unguwa ke bi gida gida, kafin Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin da mu nan duk jihar Kano muke. Ya ce a zamanin nan mutum kan sayar da akuyarsa, wani har hatsin da zai ci, don ya biya. Amma duk wahala ba ya barin wurin sai da takardarsa, saboda in za ka yi tafiya ana iya tare ka a hanya a ce ka nuna, in babu kuwa ka shiga uku.

"Mu da ba mu yi boko ba mun san mu karɓi takarda," in ji shi. "Kai da kake koya wa 'ya'yan mutane rubutu, ina taka?"

Na ce, "Baba, babu."

Ranar da na samu sarari na tafi ofishin haraji, na yi tambaya. Wani ma'aikaci mai haƙuri ya zaunar da ni ya warware mini. Doka ce ta ɗora wa duk wanda zai biya marubuci kasonsa ya cire biyar cikin ɗari tun daga tushe, in wanda za a biya ɗin mutum ne shi kaɗai, in kamfani za a biya kuwa goma. Wanda ya cire ba nasa ba ne, wajibi ne ya kai wa hukumar haraji ta jihar da marubucin yake zaune, da sunansa da lambar harajinsa, sannan ya ba shi takardar shaida. Da wannan takarda ake rage wa mutum abin da ake bin sa idan an zo lissafin shekara. Ya duba, ya ce babu wani abu da ya shigo da sunana in ban da na albashi. Na fito jikina a sanyaye. Ashe mako biyun nan an bar jaki ne ana dukan taiki. An cire kuɗina da sunan hukuma, ni ban ga takarda ba, hukuma ba ta ga kuɗi ba. Wasiƙa uku na rubuta wa kamfanin kafin su aiko da shaidar, kuma a wasiƙa ta farko ne na gane su ma ban taɓa ba su lambar harajina ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Har yanzu ina ganin talaka bai ga amfanin harajinsa yadda ya kamata ba, ban janye wannan ba. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, aka tsayar da 1 ga Janairun 2026 ta fara aiki, ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara, wannan kam sauƙi ne ga irinmu. Amma sauƙin ba ya isa ga wanda ba shi da shaidar abin da aka riga aka cire masa.

Intanet ma na gwada. Wani tsohon ɗalibina ya ɗora mini littafin a wani shafi mai mazauni a Amurka, nan ma na tarar ana riƙe talatin cikin ɗari na kason marubuci, saboda babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka. Su dai sun faɗa tun kafin a fara, kuma kowane kwafi da aka saya kana ganinsa a rubuce, shi ya sa ban ji zafinsa kamar na gida ba. Wanda ya yi mini ciwo shi ne ranar da wata malama a makarantarmu ta nuna mini littafina sukutum a wani zauren WhatsApp, an ɗauki hoton shafukan ana rabawa kyauta, har an yanke shafin da ke ɗauke da sunana. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta hana wannan, haƙƙin ma yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. To amma wa zan kama a cikin mutum ɗari biyu da ban san fuskar ko ɗaya ba?

Irin wannan ɓacin ran ba ya zama inda aka same shi. Yakan biyo mutum gida, ya haɗu da ƙananan abubuwan yau da kullum: sabis ya ɗauke kana tsakiyar magana, mai POS ya ce kuɗinka ya fita amma bai shigo ba, ka kai waya caji a ce injin ba mai. Ranar da na dawo daga zuwa na bakwai ɗin nan, 'yata ƙarama ta tarye ni da gudu tana tambayar tsarabar Kano. Na daka mata tsawar da ta sa ta maƙale a bayan uwarta. Da dare mai ɗakina ta kawo tuwo ta ajiye, ta ce a hankali, "Malam, yarinyar nan ba ita ta riƙe maka kuɗi ba." Ban iya cin tuwon ba. A aji ma na lura ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan zuwa Kano na fi saurin ɗaga bulala. Wannan ya fi asarar kuɗin damuna, har gobe.

Zuwa na takwas sai na tafi da littafin rubutu mai bango mai kauri, na ja layuka: kwanan wata, adadin da na kawo, wanda aka sayar, wanda ya rage, abin da aka biya. Tun a mota gabana ke faɗuwa. Bayan mun gaisa na ce, "Alhaji, kai uba ne a wurina, ba zargi ya kawo ni ba. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ni da kai duk masu mutuwa ne. Ina so mu san abin da ke tsakaninmu, kada 'ya'yanmu su zo suna jayayya."

Ya yi shiru har na ɗauka ransa ya ɓaci. Can ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Ka yi gaskiya, ɗana. Ni kaina ban san nawa ba ne." Ya kira yaronsa ya ce a buɗe sito.

Muka shiga da fitilar waya, ƙura tana shaƙe mu. Muka jawo kwalayen daga ƙarƙashin tulin wasu littattafan, na waɗanda wataƙila su ma suna can garuruwansu suna jira. Na tsuguna ina ƙirgawa goma goma, yaron yana jerawa. Ɗari biyu da goma sha huɗu muka samu, talatin da ɗaya daga ciki gara ta ci su daga ƙasa, suna taɓuwa suna zubewa. Sauran ɗari uku da tamanin da shida sun fita. Muka zauna muka tuno duk 'yan kuɗin shan ruwan da ya riƙa ba ni, muka cire. Abin da ya rage ya ce ba zai iya a tashi ɗaya ba, sai dai kashi huɗu, ƙarshen kowane wata. Na rubuta, ya sa hannu da ajami, yaron ya sa nasa a matsayin shaida. Na bar masa kwafi hamsin, su ma a rubuce, na ɗaure sauran da igiya na kai tasha. Gobe Lahadi kasuwar Gujungu take ci, akwai wani mai sayar da littattafan addini a gindin darbejiya da ya ce in kawo masa ashirin ya gwada.