Yini guda a gidan tarihin jiragen ƙasa na York

Ɗana ne ya matsa mana. Tun ranar da ya ga hoton wani kan jirgi shuɗi ya hana kowa sakat, har mahaifiyarsa ta ce, "Don Allah ka kai yaron nan ya gani, mu huta." Ranar Asabar da sassafe muka hau jirgi a tashar King's Cross ta Landan, ni da ita da yara biyu. Awa biyu ne zuwa York, kuma ƙanwarsa ta yi barcin fiye da rabin hanyar.

Gidan tarihin yana bayan tashar York, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa. An buɗe shi a 1975, kuma babban zauren asalinsa rumfar da ake ajiye kawunan jirgi ana gyara su ce. Kana shiga warin tsohon mai da ƙarfe zai tarbe ka. A tsakiya akwai wani katafaren faifai mai juyawa, kawunan jirgi sun kewaye shi kowanne ya miƙo hancinsa. Da shi ake juya kan jirgi ya fuskanci inda ya fito, domin yawancin manyan injunan tururi ba a ƙera su don doguwar tafiya da baya ba.

Yaron bai tsaya kallon komai ba, ya ja hannuna sai gaban Mallard, shuɗin kan jirgin tururin nan da ya gani a hoto. Sunan wata agwagwar ruwa ce aka ba shi, ko da yake ni ban ga inda suka yi kama ba. Injiniya Nigel Gresley ne ya zana shi, aka ƙera shi a Doncaster a 1938. Ranar 3 ga Yuli na shekarar ya yi gudun mil 126 a awa, kimanin kilomita 203, a gangaren Stoke da ke kudu da Grantham, ya karɓe kambun daga wani kan jirgin Jamus da ya ɗan haura kilomita 200 a 1936. Har yau babu injin tururin da ya wuce shi. Ƙafafunsa sun fi ni tsawo. Na tsaya kusa da ɗaya, matata ta ɗauki hoto, kuma na fito a ciki kamar wanda ya zo neman aiki.

Wani abu da ya ba ni dariya shi ne dabarar da suka yi wa injin. Akwai wani mahaɗin ƙarfe can a ciki, tsakanin ƙafafu, inda ido ba ya kaiwa. Sai suka sa masa wani abu mai ƙarfin wari wanda ke fashewa idan wurin ya yi zafi fiye da kima, direba ya ji da hancinsa. A ranar gudun ma wurin ya yi zafi, dole aka cire Mallard a Peterborough, wani injin ya ƙarasa da taragun Landan.

Amma inda muka fi daɗewa ba nan ba ne. Akwai wani kan jirgi mai suna Ellerman Lines wanda aka yanke gefensa, aka bar cikinsa a fili, aka shafa wa sassan fenti kala-kala. Nan ne na gane abin da na daɗe ina tsammanin na sani. A baya akwai akwatin wuta inda kwal ke ci. Daga nan bututu masu yawa sun ratsa tukunyar ruwa a kwance, zafin wutar na bi ta cikinsu yana tafasa ruwan da ya kewaye su. Tururin ya taru a sama, a kai shi ya tura fistan gaba da baya, sandunan ƙarfe su mayar da turin nan juyin ƙafa. Tururin da ya gama aiki kuma ba a barinsa ya tafi haka kawai. Ana harba shi ta bututun hayaƙi, yana fita yana jan iska ta cikin wutar, sai ta ƙara ruruwa. Ƙarar nan ta cuku-cuku da yara ke kwaikwayo, daga nan take.

Ɗana ya bi bututun da yatsa daga nesa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba, to wa ke sa wa wutar kwal?"

Na nuna masa wata 'yar ƙofa a bakin akwatin wutar. Mutum ne, na ce, da shebur. Yana tsaye a kan ƙarfen da ke girgiza, ya ɗebo daga baya, ya juyo, ya watsa ta ƙofar nan, kuma ba watsawar ganganci ba, sai kwal ɗin ya bazu ko'ina, in ba haka ba wani gefe ya mutu tururi ya ragu. Yana kuma lura da gilashin da ke nuna yawan ruwa, don in ruwa ya sauka ƙasa da rufin akwatin wutar, to an shiga uku. Direban Mallard a ranar gudun Joseph Duddington ne. Mai shebur ɗin sunansa Thomas Bray. Na sa yaron ya maimaita sunan na biyu sau biyu, domin a ganina shi aka fi mantawa, alhali gumin nasa ne.

Sauran mun bi su da sauri, ƙafafu sun fara ciwo. Mun ga Evening Star, injin tururi na ƙarshe da hukumar jiragen ƙasan Birtaniya ta ƙera, a Swindon a 1960. Mun ga wani ƙaton baƙin kan jirgi da aka ƙera a Ingila a 1935 don layukan ƙasar Sin, daga baya Sin ta dawo da shi kyauta. Matata ta fi son taragon Sarauniya Victoria na 1869, mai bango lulluɓe da shuɗin siliki, ta leƙa ta taga ta ce wannan ai falo ne aka sa wa ƙafafu. Ƙaramar kuwa ta samu kujera a cikin taragon Shinkansen, jirgin Japan mai tsananin gudu, irin wanda ya fara aiki a 1964, ta ce ita ta iso, ba inda za ta.

Da yamma muka kamo hanya. Layin da muke kai shi ne wanda Mallard ya bi, kuma ta fuskar da ya bi, daga arewa zuwa kudu. Bayan mun wuce Grantham na gaya wa yaron cewa jiragen lantarki na wannan layin ba sa wuce mil 125 a awa. Ya ƙirga da yatsu, ya dube ni.

"Ke nan mai shebur ya fi mu da ɗaya?"

Na ce ƙwarai. Ya manna goshinsa a taga yana neman allon da aka kafa a gefen dogo don tunawa da ranar. Ya ce ya gani. Ni dai bishiyoyi kawai na gani suna wucewa.