Abin da Sauya Mazubi Ya Koya Min a Masana'antar Roba

A masana'antar robar da nake aiki a Sharada, Kano, ba wanda zai iya rantse maka da abin da kasuwa za ta nema wata mai zuwa. Gab da azumi dillalai su dame mu da waya kan buta da kofuna, damina na sauka su koma bokiti da baho. Tun tsakiyar 2023 da aka saki darajar Naira kuwa, kuɗin ƙwayar robar da muke narkarwa ya koma tamkar na tumatir, yau sama gobe ƙasa, galibi dai sama.

A irin wannan hali na gane cewa gudun inji ba shi ne ƙarfin masana'anta ba. Ƙarfinta yana ga saurin juyawarta. Henry Ford ya kafa layinsa na haɗa motoci a Highland Park da ke Amurka a 1913, ya ƙera motar Model T sama da miliyan 15, cikin araha da ba a taɓa gani ba. Amma layin mota ɗaya tak ya iya. Da masu saye suka juya baya, a 1927 sai da ya rufe na watanni don ya shirya wa sabuwar motarsa Model A, Chevrolet kuma ta sha gabansa a cinikin shekarar.

Akwai injunan da kwamfuta ke sarrafawa, masu iya ƙera kusan komai, sai dai tsada gare su, kuma kana biyan kuɗin iyawar da wataƙila har injin ya tsufa ba za ka taɓa ta ba. Hanyar da Yoram Koren da abokan aikinsa suka fito da ita a Jami'ar Michigan cikin shekarun 1990 ta fi kwanta min. Ka tsara injin don dangin kaya guda, a ce duk abin da ke da girma da siffar bokiti, sannan ka gina shi gunduwa-gunduwa yadda za a cire sashe a ɗaura wani idan buƙata ta sauya. Ba ka sayen abin da ba ka buƙata yau, ba ka kuma toshe wa kanka hanyar ƙari gobe.

Mu ba mu da kuɗin sabbin injuna, don haka inda darasin ya fi yi mana aiki shi ne wurin sauya mazubi, wato ƙarfen da ake zuba narkakkiyar roba a cikinsa don ta ɗauki siffar kaya. Shigeo Shingo, wanda ya yi aiki da Toyota, ya raba aikin gida biyu: abin da dole sai an tsayar da inji, da abin da za a iya yi yana kan aiki. Burinsa a gama cikin ƙasa da minti 10. Mu ba mu kai nan ba, kuma ba na jin za mu kai nan kusa. Amma da muka fara jawo mazubi na gaba kusa, a ɗumama shi, a jera sifana da kusoshi tun injin bai tsaya ba, aikin da ke cin rabin yini ya ragu sosai. Hakan ya sa muke karɓar ƙaramar oda ba tare da asara ba, maimakon mu cika sito da kayan da ba a tambaya ba.

Kan wuta ma ra'ayina ya tsaya: matsakaitan injuna uku sun fi ƙato ɗaya. Ranar da ba wuta, dizal kuma ya yi tsada, ka kashe biyu ka bar ɗaya a ƙaramin janareta. Ƙaton kuwa ko dai ya ci mai da yawa ko ya kwanta gaba ɗaya.

Har yanzu muna ja da Oga kan a mayar da maɗaurin mazubanmu iri ɗaya, yadda kowanne zai hau kowane inji. Shi kuɗin walda da yankan ƙarfe yake lissafawa. Na roƙe shi mu fara da mazuban buta kafin Sha'aban, ya ce in kawo masa lissafin a rubuce.