Akwatin da ke ƙarƙashin gadona

Ɗan ƙanwata bai cika wata guda da samun madubin hangen taurari ba. Shekaranjiya ya miƙo mini wayarsa yana murmushi, ya ce, "Kawu, duba kayan da zan saya." Gilasan leƙe (waɗanda ake sa ido a kansu) biyar, Barlow (gilashin da ke ninka girman hoto) mai ninki uku, adaftar waya, zoben ɗaura kyamara, matatan haske masu launi har shida. Na ce sau nawa ka fitar da madubin waje? Ya ce sau biyu. Me ka gani? Ya ce wata. Sai na yi shiru, don na san jerin nan. Kusan duk abin da ke ciki yana nan cikin wani akwati a ƙarƙashin gadona, ƙura ta rufe shi.

Madubina irin na Newton ne, wato mai tara haske da madubai a cikin bututu, faɗin bakinsa milimita 130, nisan da yake tattara haske milimita 650. Ya zo da gilasan leƙe biyu, mai milimita 25 da mai 10. Lissafin ba wuya: raba 650 da lambar da ke jikin gilashin, abin da ya fito shi ne yawan ninkin da za ka gani. Mai 25 ninki 26 ke nan, mai 10 kuma 65. Da wannan 65 ɗin na fara ganin zoben duniyar Zuhal (Saturn), ɗan mitsitsi amma tar da shi. Maimakon in gode wa Allah sai na raina. Na sayo gilashi mai milimita 4, na ɗora shi a kan Barlow mai ninki uku, na ce yau sai na ga ƙwal uwar daka. Ninki kusan 490. Abin da na gani wani dunƙule ne dishi-dishi yana rawa, kafin in daidaita ido ya fice daga gilashin, domin duniya juyawa take yi, ba ta jiran kowa. Sai daga baya na san cewa madubi ba ya wuce kamar ninki biyu na faɗin bakinsa a milimita. Nawa 260 ce iyakarsa, ita ma iskar sama ba kowane dare take barin mutum ya kai 200 ba. Barlow kuwa ba ya ƙara haske ko ɗigo, wanda ke akwai yake shimfiɗawa har ya dusashe.

A yi mini adalci dai: manyan lambobi ake bugawa a jikin kwalaye, kuma lokacin ba ni da na tambaya. Ko da yake, in zan faɗi gaskiya, wani dattijo mai irin wannan sha'awa ya taɓa ce mini in dakata. Na ɗauka hassada ce.

Da na gaji da ƙara girma sai na koma neman faɗi. Ina son ganin gungun taurarin nan Kaza da 'ya'yanta a wadace, na sayi gilashin leƙe samfurin Plössl mai milimita 32, ya yi kyau. Kwaɗayi ya sa na ƙara mai 40. Ashe yankin sama ɗaya suke nunawa, saboda bututunsu mai faɗin inci 1.25, wanda ke shiga ramin madubi, shi ne ya iyakance su duka biyun. Ƙari ma, a madubi irin nawa mai 40 yana fitar da haske mai faɗin milimita 8, alhali ƙwayar idon mutum da ƙyar take buɗewa milimita 7. Sauran asara ne. Sai na ce to bari in sayi babba mai inci 2. Ya iso, ya ƙi shiga, ramin madubina na inci 1.25 ne. Na nemi adafta. Adaftar kirki ƙaramin gilashi take zaunarwa a babban rami. Wadda ke yin akasin haka tana toshe gefen hasken da ka sayi babban gilashin dominsa, kuma ta tura shi waje har hoton ya ƙi daidaita. Na san haka ne bayan na biya.

Ta kyamara ta fi ƙona mini rai. Zoben T, wato na ɗaura kyamara a madubi, faɗinsa milimita 42 ne, tazarar haƙoransa 0.75. Akwai wani tsohon ɗaurin kyamara shi ma 42, amma tazararsa milimita 1. A ido ba ka bambance su. Na murɗa, ya shiga zagaye biyu ya cije, na sa ƙarfi, na cinye haƙoran duka biyun. Da na samo na daidai kuma hoto ya ƙi fitowa, don kyamarar tana ɗaukar hoton ne milimita 55 bayan zoben, madubina kuma ba ya iya matso da ita ciki haka. Me na yi? Na sayi bututun ƙara tsawo, wato na ƙara nisanta abin da ke neman kusanci. Abin da ya warware matsalar a ƙarshe shi ne Barlow ɗin nan da nake zagi, shi ya sa har yau ban yarda cewa duk sayayyata wauta ce ba. Amma mazaunin madubina ba ya bin taurari, saboda haka hotunan layi-layi suka fito.

Guda ɗaya ba ta dariya ba ce. Cikin wani tarin kaya akwai baƙar matata da ake ɗaurawa a gindin gilashin leƙe, wai ta kallon rana. Na gwada. Na ɗaga kai ke nan na ji ƙas, ta tsage, domin daidai wurin nan madubi yake tara zafin rana gaba ɗaya. Allah ne ya bar mini idona.

Na yi niyyar jero wa yaron shawara goma. Uku suka fito.

Kada ka kalli rana sai da matatar da aka yi don haka, wadda ke rufe bakin madubin gaba ɗaya daga gaba. Wannan babu muhawara.

Kada ka sayi komai sai ka yi wata shida da gilasanka biyu. Galileo da madubi mai ninki kamar 20 ya ga watanni huɗu da ke kewaya duniyar Mushtari (Jupiter) a 1610, kai kana da wanda ya fi nasa nesa ba kusa ba, amma ko sau ɗaya ba ka nemi Mushtarin ba. To, amma ka nemi ɗan murfin daidaita madubai, don irin na Newton yana gocewa, da tocila mai jan haske, da kujera. Na san yanzu na ce kada ka sayi komai. Waɗannan daban ne.

Ta uku, in za ka saya, auna. Ɗauki abin awo ka auna ramin, ka karanta tazarar haƙora, kada ka dogara da hoto.

Ina cikin magana yana latsa waya. Abin da ke ba ni haushi da yaran yanzu ke nan: ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, su kuwa ba sa iya minti biyu ba su haska fuskarsu ba. Hoton da za su tura wa abokai suke so tun kafin su kalli abin da idonsu. Ko da yake ni ma kyamarar nan ba don ilimi na ɗaura ta ba. Na ce masa adaftar wayar dai saya, tun da na san ba ji za ka yi ba, kuma tana ɗaukar wata da kyau.

Ya ce, "To Kawu, akwatin fa?" Na jawo shi, na cire tsagaggiyar matatar nan na jefa a shara, na ba shi sauran. Jiya da sassafe ya turo saƙo yana tambayar wace adafta zai saya don babban gilashin nan mai inci 2 ya shiga madubinsa.