Abin da ajin adabi ya koya mini game da gadon zalunci

A zangon da muka yi nazarin ƙagaggun labaran Indiya, an ba mu wani littafi da ya bi iyali guda na 'yan Dalit, wato mutanen da tsarin asalin haihuwa na Indiya ya ajiye a can ƙasa har ake ƙyamar taɓa su, tun daga kaka har jika. A nan na fahimci dalilin da ya sa marubuta irin wannan labari ke jera zuriya uku: rayuwar mutum ɗaya ta yi gajarta a ga yadda zalunci ke sauya riga.

Kakan ya rayu lokacin da ɗan Dalit ba ya ɗiban ruwa a rijiyar gari. Da muka koma tarihi, sai muka tarar marubucin bai yi ƙari ba. A 1927 Ambedkar, jagoran 'yan Dalit wanda shi ma ɗan Dalit ne, ya jagoranci dubban mutane zuwa tafkin Chavdar a garin Mahad don su sha ruwa kawai, aka far musu da duka, daga baya aka yi wa tafkin tsarki. Shi kansa Ambedkar, yana ɗan makaranta, a kan buhu yake zama gefe guda, ruwa kuma sai masinja ya tsiyayo masa daga sama.

Uban ya taso bayan 1950, sa'ad da sashe na 17 na tsarin mulki ya haramta ƙyamar mutum saboda asalinsa, aka ware musu gurabe a makarantu da aikin gwamnati. Ya samu aikin akawu. Gona kuwa tana hannun waɗanda kakanninsa suka yi wa bauta, kuma neman ƙarin lada kan iya jawo mutuwa: a Kilvenmani, jihar Tamil Nadu, an ƙone mutum 44 cikin bukka a 1968, yawancinsu mata da yara.

Babin jikar ne ya fi tsaya mini a rai. Tana da digiri, tana aiki a birni, amma ta yanke sunan zuriyarsu, domin mai gidan haya daga suna yake gane asali. Malamarmu ta sa mu yi alama a duk inda aka ci abinci ko aka yi zancen aure. Da muka tattara, sai ga shi bambancin ya fi ƙarfi a kicin da wajen neman aure, inda ɗan sanda ba ya leƙawa. Masu tsare shi iyaye ne masu ƙaunar 'ya'yansu, abin da ya sa na kasa tsanarsu yadda na so. Uwar yarinyar ma, da take ce mata kada ta faɗi sunan ƙauyensu, tsoron da ta gada take miƙa mata da sunan kariya.

Yayan jikar bai yi nisa a karatu ba, sai ya koma aikin kakansa na kwashe bahaya. Indiya ta haramta kwashe bahaya da hannu a 1993, ta sake tsananta dokar a 2013, amma har yau ana zaro gawar masu shiga magudanar ƙazanta, kuma mafi yawansu 'yan Dalit ne.